Fasinjojin Aro

Litinin, da hantsi

Tunda littafin nan sabo ne, bari in gaya masa da wa ya haɗu. Aikina a filin jirgin sama magana ce. Ina zaune cikin wani ɗan akurkin gilashi a saman ɗakin jira, da abin magana a gabana, ina gaya wa mutane jirginsu ya iso, ko zai makara, ko an fasa. Abokan aiki Murya suke ce mini. A da kafin azahar maƙogwarona ya bushe. Yau sau ɗaya na buɗe baki, shi ma cigiyar mai wata jaka na yi.

Minista ya sake fitowa a talabijin ɗin ɗakin jira, tabarau a kan hanci, yana mana albishir cewa hauhawar farashi ta fara sassautawa. Ba wai kaya sun sauko ba, in ji shi, gudun da suke yi ne ya ragu. Wato ɓarawon yana nan cikin ɗaki, sai dai yanzu a hankali yake kwasa. Na so in kashe akwatin, amma an kafe shi can kusa da rufi, abin kashewar kuma yana kulle a ofishin manaja don kada ma'aikata su rasa ilimi.

Matar Yaya ta kira daga babban birni. An sake mayar da shi asibiti. Ta ce ya tambayi Inna, ya sake tambaya. Da na koma gida ce wa Inna na yi yana gaishe ta.

Talata, bayan la'asar

Kowane ma'aikaci a nan yana da tikitin kyauta a shekara, shi da mutum ɗaya. Ban taɓa karɓar nawa ba. Yau na sauka wurin mai sayar da tikiti na ce a ba ni, ni da mahaifiyata.

Ta danna, ta danna, sai ta juyo mini da fuskar na'urar kamar mai nuna wa mutum sakamakon gwajin jini. Akwai kuɗin tsaro. Akwai kuɗin saukar jirgi da na tashinsa, kamar ana iya yin ɗaya a bar ɗaya. Akwai harajin mai, da haraji a kan harajin man. Akwai kuɗin amfani da ɗakin jira, ɗakin da na tsufa a cikinsa, wanda rabin kujerunsa sai mutum ya yi bismilla kafin ya zauna. A ƙasa kuma ga sabon, wanda Minista ya haifa a watan jiya: harajin farfaɗo da sufurin sama.

Na ce, "Na ɗauka tikitin kyauta ne."

Ta ce, "Kyauta ne mana, Anti Murya. Kujerar kyauta ce. Sauran ne ba kyauta ba."

Albashina sai ya haihu ya yi jikoki kafin ya kai abin da na gani.

Hanyar mota ba zance ba ce. Kwana biyu ce, ramuka kamar an yi yaƙi, kuma likita ya faɗa mini ƙarara cewa bayan Inna ba zai ɗauka ba. Ko jirgi, ko babu.

Alhamis, da safe

Fasinjojin yau ko motar haya ba za su cika ba. An farfaɗo da mu ƙwarai.

Asabar, da yamma

Na kai awarwarona wurin maƙerin zinariya. Ya jujjuya su, ya taɓe baki, ya ce kowa sayarwa yake yi yanzu, babu mai saye. Na ce ya bar taɓe bakin ya faɗi abin da zai faɗa. Na fito hannuna ba nauyi, sai taɓa wurin nake yi.

Inna ta lura tun daga bakin ƙofa. Ta kalli hannun, ta ci gaba da tsintar wake.

Can ta ce, "Auta, yaron nan ba ya yanke farce in ba an tsare shi ba. Matarsa kuma tsoronsa take ji."

Yaron nan da take faɗa ya yi furfura. Na ce za a yanke masa a can. Ta ce asibiti ba sa yanke farce.

Da ta ce asibiti, abin da ban gaya mata ba, sai na yi kamar ban ji ba.

Litinin, ƙarfe goma

Na zo da kuɗin a cikin jaka, na riƙe ta kamar jariri. Na tarar da kantar tikiti a rufe, an manna takarda. Kamfanin jirgin, wanda shi kaɗai ya rage mana, ya dakatar da zuwa nan har sai an sake nazarin haraji. Sun kwashe komai, har da tukunyar furen roba. Abin da suka bari shi ne tsohon jirginsu da ya lalace, yana can gefe an rufe masa injuna da tamfol, tsuntsaye sun mai da shi gidan haya.

Ni aka ba takardar in karanta. Na gyara murya na ce muna baƙin cikin sanar da fasinjojinmu masu daraja. Waɗanda suka ji ni: mai shara, da Dogo mai auna kaya, da wata mage.

Dogo ya ɗaga kai ya tafa mini.

Talata

Ba abin rubutawa. Kuɗin suna ƙarƙashin katifa, suna rage daraja a kwance.

Laraba, bayan azahar

Na hau wurin manaja. Za-a-duba muke ce masa, don ko gobara ka kai masa rahoto abin da zai ce ke nan. Na tambaye shi ko akwai wani jirgi da zai sauka a nan, kowane iri, ko na kaya ne. Na gaya masa dalili, abin da ban yi niyya ba. Ya saurare ni yana goge waya da gefen rigarsa, ya ce Allah ya ba shi lafiya, ya ce za a duba.

Matar Yaya ta ce ya daina cin abinci. Ta ce likitan ya kira ta gefe. Na ce mata layin ba kyau, zan kira ta an jima. Layin lafiyarsa ƙalau.

Juma'a, da safe

Taron ma'aikata. Ashe Minista ya gano asalin ciwon ƙasar, kuma mu ne. Ma'aikata ba su da ƙwazo, in ji shi. Ana biyansu da yawa, abin da suke samarwa kaɗan ne, shi ya sa kuɗi ya yi yawa a gari kaya suka yi tsada. Na duba takalmin Dogo, wanda babban yatsansa ke leƙen duniya, na ce lallai ga inda kuɗin ƙasa suka maƙale.

An kafa kwamitin auna ƙwazo. Za su zagaya filayen jirgi, wanda ba shi da fasinja a rufe shi. Ranar Alhamis za su zo mana.

Sai Za-a-duba ya kawo dabararsa, yana murmushi kamar wanda ya ƙirƙiro gishiri. Kowane ma'aikaci zai kawo mutum biyu daga gida, da kaya masu kyau da akwati. Za su cika ɗakin jira. Ni zan kira jirgi. Za su yi layi su fita ta ƙofar tashi kamar za su hau tsohon jirgin, wanda za a cire wa tamfol a wanke. Da sun wuce rumfar motar kashe gobara sai su karya hagu, su zagaya ta baya, maza su canja hula mata su canja mayafi, su shigo ta ƙofar isowa a matsayin waɗanda suka sauka. Mutum ɗaya, fasinja biyu. Wanda bai kawo nasa ba, shi za a fara sallama.

Wani ya ce in kwamitin suka gane fa?

Za-a-duba ya ce, "Su gane me? Minista ya ce harajin bai rage fasinja ba. Kuna so su koma su ce masa ya rage?"

Wannan ce gaskiya ta farko da na taɓa ji daga bakinsa, kuma ko kunya bai ji ba.

Asabar, da hantsi

Mutum biyu. Maƙwabciyata ta yarda, in dai za a ba da lemo. Na biyun nake ta nema. Tun da aurena ya mutu na dawo gida, daga ni sai Inna.

Lahadi, bayan la'asar

Na gaya wa Inna. Na ce ranar Alhamis za ta raka ni wurin aiki, ta sa kayanta masu kyau, ta riƙe akwati, ta zauna. Na ce kamar tafiya ce.

Ta ce, "Jirgi zai zo?"

Na ce jirgin manya zai zo daga babban birni, ya koma.

Ta ce, "To."

Na yi bayani. Ina ganin na yi bayani. Kunnenta na hagu ba ya ji sosai, kuma ta wannan gefen na zauna.

Talata, da yamma

An yi gwaji yau. Babban mutum da gemu yana koya wa surukarsa yadda ake duba agogo cikin gajiya kamar matafiyi. Dogo yana bin akwatuna yana cusa musu tsofaffin jaridu da bulo, wai kada iska ta ɗauke su a gaban baƙi. An wanke mataccen jirgin har yana ƙyalli. Tsuntsayen sun koma kan rumfa suna zaginmu, kuma da gaskiyarsu.

Na dawo na tarar da akwatin Inna a buɗe kan gado. Zannuwanta a ninke. Maganinta na hawan jini. Bargon da Yaya ya bari a gida tun yana saurayi, ta wanke shi ta goge. Man zafi. A aljihun gefe, abin yankan farce.

Na tsaya a bakin ƙofa. Ta ce, "Miƙo mini carbina, kada in manta."

Na miƙa mata.

Laraba

Gobe da safe zan gaya mata. A mota zan gaya mata.

Alhamis, bayan magariba

Bari in rubuta.

Ban gaya mata a mota ba. Maƙwabciya tana ciki tana ta zuba, na ce sai mun sauka. Da muka sauka Za-a-duba yana tsaye yana raba tsofaffin katunan shiga jirgi, yana ihu kowa ya kama wurinsa. Dogo ya karɓi akwatin Inna zai sa bulo, ya ji nauyinsa, ya dube ni. Na haye akurkina.

Ɗakin jira ya cika maƙil, har da masu kukan jarirai. Rabon da in gan shi haka tun kafin Minista ya fara ceto mu. Kuma abin haushin, daɗi na ji.

Jirgin kwamitin ya sauka, fari tas, da tutar ƙasa a wutsiya. Dogo ne ya tura masa tsani. Daga baya ya ce mini ya leƙa ciki, kujerun da ba kowa sun fi waɗanda aka zauna yawa nesa ba kusa ba. Suka shigo, manyan riguna da kwat-kwat, ƙamshin turarensu ya riga su. Shugabansu wani mai ƙoshin lafiya ne, wuyansa ya yi ninki a kan kwala. Ya tsaya yana gyaɗa kai yana kallon jama'a kamar gonarsa ce ta yi kyau.

Za-a-duba ya ɗaga mini hannu. Na kunna abin magana. Na kira jirgin babban birni, na ce fasinjoji su nufi ƙofar tashi, na roƙi a ba tsofaffi da masu yara hanya. Ban taɓa yin sanarwa mai kyan wannan ba. Ko gargada babu.

Inna ce ta fara tashi.

Shugaban ya hango ta, tsohuwa fes da farin mayafi tana jan akwati, ya ga abin hoto. Ya ƙarasa ya rusuna kaɗan, masu kyamara suka zagaye su. Abin maganata a kashe yake, amma tagar akurkin a buɗe, ina jin komai.

Ya ce, "Mama, ina zuwa haka?"

Ta ce, "Wurin ɗana. Yana asibiti a babban birni."

Ya ce, "Allah sarki. Allah ya ba shi lafiya, ya kai ki lafiya." Ya juya ga masu kyamara ya ce, "Kun gani ko? Talaka yana hawa jirgi."

Aka wuce da su ɗakin manyan baƙi cin abinci, wanda a can ne ainihin auna ƙwazon ya gudana.

Layi ya fita. Ina kallo ta gilashi. Suka wuce rumfar motar kashe gobara, suka karya hagu ɗaya bayan ɗaya, maƙwabciyata har ta fara ciro ɗayan mayafin. Inna ba ta karya ba. Ba ta ko kalli mataccen jirgin da aka wanke ba. Ta miƙe sak a kan kwalta, cikin ranar nan, tana jan akwati tana hutawa, har gindin tsanin farin jirgin. Ta ajiye akwatin ta tsaya.

Mai gadi ya je ya yi mata magana, ta yi kamar da iska yake. Ya rasa yadda zai yi da tsohuwa, ya koma gefe. Ni kuma ban san lokacin da na sauko ba. Na isa ina haki na ce, "Inna, zo mu koma, ba namu ba ne." Ta ce, "Tsaya nan kusa da ni." Na tsaya.

Mun daɗe a wurin. Sai ga 'yan kwamitin sun fito suna sakace haƙora, Za-a-duba a gefe yana dariya tun kafin a gama ba da labari. Da ya gan mu fuskarsa ta zube.

Shugaban ya ce, "A'a, Mama, ba wannan ba ne naki. Naki yana can."

Inna ta ce, "Wancan ba ya tashi, ɗana. Wannan ne zai je inda zan je."

Ya yi 'yar dariya ya dubi mutanensa. Ni da ban taɓa roƙon kowa a filin nan ba, na durƙusa a kan kwalta mai zafi. Na ce ranka ya daɗe, ni ma'aikaciya ce a nan, mahaifiyata ce, yayana ne, likitoci sun ce kwanaki ne. A gaban Inna na faɗa. Na ce ko ita kaɗai a ɗauka, matarsa za ta tarbe ta. Na ce ina da kuɗin harajin gaba ɗaya, a gida, zan kawo.

Wani siriri mai riƙe da jaka ya matso ya yi mini bayani a hankali, kamar mai koyar da yara. Jirgin gwamnati ba ya ɗaukar fasinja. Ba shi da izini. Shi ya sa ma ba ya cikin masu biyan harajin.

Shugaban ya dafa kafaɗar Inna ya ce, "Kada ki damu, Mama. Za a duba."

Suka hau ɗaya bayan ɗaya, kowa yana ratsa ta gefenta yana kallon takalminsa. Ba ta matsa ba, sai da suka riƙa karkacewa. Aka rufe ƙofa. Dogo ne ya janye tsanin, kansa a ƙasa, hawaye yana ɗiga a gemunsa.

Iskar injin ta ɗage mata mayafi, na riƙe mata shi. Ta bi jirgin da ido har ya ɓace, sannan ta ce in ɗauki akwatin, hannunta ya gaji.

Muka koma gida. Ba ta ci abinci ba.

Juma'a

Za-a-duba ya ce na kusa zubar masa da mutunci. Na ce ban san yana da shi ba. Ya ce me na ce? Na ce za a duba.

Lahadi, da asuba

Matar Yaya ta kira.

Laraba, da yamma

A can aka yi jana'izar Yaya da komai, ranar da abin ya faru. Mu waya aka kara mana a kunne muka ji ana addu'a.

Mutane suna ta shigowa gaisuwa. Kowa ya zauna sai ya yi haƙuri ya yi haƙuri, sannan ya gangara kan tsadar shinkafa. Ban ga laifinsu ba.

Litinin, da hantsi

Na koma aiki. Ba za a rufe mu ba. Kwamitin ya yaba da ƙwazonmu, Minista kuma ya ambace mu a talabijin a matsayin shaidar cewa harajinsa bai hana kowa tafiya ba. Jirgi dai har yau babu.

An buga hoton babba, an kafe shi a bangon da ke fuskantar akurkina. Shugaban yana rusune, Inna da farin mayafi da akwati. A ƙasa an rubuta cewa sufurin sama na kowa ne. Dogo ya ce in na ce a cire, shi zai cire ko da za a kore shi. Na ce ya bar shi, yana da yara.

Talata, bayan la'asar

Akwatin yana nan a bayan ƙofa yadda na ajiye shi a ranar nan. Yau na dawo na tarar da Inna zaune a bakin gado tana kallonsa. Na zauna a gefenta na dama, wurin kunnen da yake ji.

Na ce, "Inna, ki yafe mini. Ban yi miki bayani sosai ba. Na ga kina haɗa kaya na yi shiru. Na bar ki kina zaton tafiya ce ta gaske, na kira jirgin da bakina."

Ta juyo ta dube ni. Sannan ta ce, "Auta, ni na haife ki. Muryar da kike yi in za ki yi ƙarya, na san ta tun kina satar sukari. Tun ranar da kika ce yana gaishe ni na sani."

Na ce, "To me ya sa kika je gindin tsanin?"

Ta ce, "Kin ce jirgin manya zai zo ya koma. Cewa na yi in suka gan ni tsaye a gabansu, da furfurata, ko mutum ɗaya a cikinsu zai ji kunya."

Ta sa na jawo akwatin. Ta buɗe aljihun gefe ta ciro abin yankan farcen, ta jujjuya shi. Sai ta kama hannuna ta ɗora a kan cinyarta, ta ce nawa ma sun yi tsawo, ta fara daga ƙaramin yatsa.